Sunan da Ke Kan Katin Walida

Murfin firiza ne ya faɗi, gaf! Ina tsakar gida ina tace aya, ban ko waiwaya ba na ɗaga murya: "Walida, in kika karya mini murfin nan ke za ki saya?" Na ji shiru. Walida kuwa ba ta san shiru ba, ko faɗa nake mata sai ta samo abin cewa. Da na leƙa ɗakin sai na same ta a durƙushe, gorar kunun aya biyu a hannu ɗaya, ɗaya hannun ta danne cikinta ta gefen dama. Ɗalibin da ya zo saye yana ƙofar gida yana ta rafka sallama.

Daga nan jinyar ta fara. Yanzu da Allah Ya ba ta lafiya na ce sai na rubuta, saboda mata irina masu sana'a a cikin gida, waɗanda ba su da albashi, ba su da ofishin da zai tsaya musu in ciwo ya zo. Wata ta karanta, kada ta sha irin zirga-zirgar da na sha a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

A Samaru muke. Zoɓo nake yi da kunun aya da lemon citta, in ɗura a gora in sa a firiza, ɗalibai da masu shaguna su zo su ɗauka. Maigidana tela ne a kasuwar Sabon Gari. Ni da shi duk ɗaya muke: ranar da hannu bai motsa ba, ranar babu abin da ya shigo. Shi ya sa da maƙwabciyata Maman Dauda ta zo da zancen inshorar lafiya ban yi gardama ba. Tsohuwar malamar firamare ce, 'yar kudancin Kaduna, ita ke riƙe mana adashin matan layinmu, kuma in ta sa abu a gaba sai an yi. Ta ce, "Mu da ba gwamnati ke biyanmu ba, an buɗe mana ƙofa. Ki biya na shekara, in ciwo ya zo ki miƙa kati." Na cire daga jarina, abin da zai sayi buhun aya da na sukari, na biya mana ni da shi da yara.

Ranar rajista wani saurayi ya zo da waya a hannu, ya zauna a gindin mangwaron gidan Maman Dauda, mata na layi. Da aka zo kaina ya ce, "Sunan babbar?"

Na ce, "Walida."

Ya danna, ya ɗauki hotonta, ya ce ta gaba. Bai tambaye ni takardar haihuwa ba, ni ma ban kawo komai a raina ba. Walida 'yar farina ce, kuma sunan surukata aka sa mata, mahaifiyar maigidana. Kunya biyu ke nan a kan suna ɗaya. Tun ranar suna har ta kai shekara goma sha ɗaya sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba, ko a nan ma ba zan rubuta shi ba. Kowa a gida Walida yake ce mata. To wai a gaban mata fiye da ashirin, ƙanwar mijina na zaune, in buɗe baki in kira sunan? Abin da duk uwa za ta ce shi na ce.

Sati na farko muka yi ta lalube. Na ce ko tsutsar ciki ce, na aika kemis aka sayo magani. Ciwon ya lafa, ya dawo. Babanta ya ce sanyin firiza ne, ai yini take tana kurɓar zoɓo mai ƙanƙara. Hajiya surukata ta taso daga Muciya da jiƙo a galan, ta ce shawara ce, a duba idonta. Yayar mijina ta ja ni gefe tana murmushi, wai girma ne ya zo wa yarinya. Wata mai sayen lemo ta ce in dafa ganyen gwaiba da jar kanwa. Kowa likita ne in ciwon ba a jikinsa yake ba. Ni dai ina tofa mata addu'a a ruwa, ina shafa mata, ina kallon yadda take tafiya a ɗan rusune kamar mai ɓoye abu a zani.

Da ta fara amai na ɗauko katin na kai ta ƙaramin asibitin da muka zaɓa ranar rajista. Gaskiya ɗaya ce, katin ya yi aiki. An buɗe mata fayil da sunan Walida, an duba jini, an ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro da na gyambon ciki, ɗan abin da na biya bai kai cinikin safiya ɗaya ba. Na fito ina sa wa Maman Dauda albarka. Sai dai layin 'yan inshora daban yake da na masu biya da hannu, kuma namu ba ya tafiya. Waɗanda suka zo bayanmu da kuɗi a hannu suka ga likita suka tafi, mu muna kan benci tun hantsi har aka kira la'asar. Ayar da na jiƙa da safe na dawo na tarar ta yi tsami. Na zubar, na yi istigfari, na ce ba komai tunda yarinya za ta warke.

Ba ta warke ba. A sati na biyu ko kunu ta sha sai ya dawo. Muka koma, wannan karon muka dace da wata likita mai natsuwa. Ta kwantar da ita, ta danna gefen cikin a hankali, sannan ta ɗage hannu da sauri. Walida ta yi ƙarar da har yau in na tuna tsigar jikina ke tashi. Likitar ta ce a yi hoton ciki. Na miƙa kati, aka ce injinsu ya lalace, sai dai a waje, kuma na waje inshora ba ta biya. Na biya. Hoton ya nuna afendis ne. Ta rubuta mana takarda zuwa babban asibiti, ta ce kada mu tsaya jiƙe-jiƙe.

A nan ne maigidana ya yi abin kirkin da ya jefa mu a wahala. A babban asibitin aka haifi Walida, kuma shi mutum ne mai adana takarda, ko rasit ɗin zare ba ya yarwa. Ya buɗe akwatinsa ya zaro tsohon katinta na jarirai, yana ta fara'a: "Kin gani? Ba sai mun bi layin sabon fayil ba." Aka kuwa zaro tsohon fayil, da sunanta na yanka a kai.

Likitan tiyata ya duba ta, ya duba hoton. Maganarsa ta zauna mini daram. Ya ce, "Abin nan kamar maruru ne a cikin ciki, kuma ya nuna. Yanzu aikin ƙarami ne. In ya fashe, magana ta canza." Ya sa sunanta cikin waɗanda za a yi wa aiki a sati mai zuwa, aka ba ta gado ana mata allurai da ƙarin ruwa. Ya ce mu je teburin 'yan inshora su nemo lambar amincewa, wadda suke kira kod. In babu ita kafin ranar, ko mu ajiye kuɗin aikin, ko a ba wani gurbin.

Mutumin teburin ya ɗora katin inshora a hagu, fayil a dama, ya kalli wannan ya kalli wancan.

"Malama, waɗannan ai yara biyu ne."

Na ce, "Yarinya ɗaya ce, ga hotonta nan a kati, ga ta can a kwance."

"Ni ban ce ƙarya kike ba. Kwamfuta ce ba ta san hoto ba. Wadda aka biya wa Walida ce, wadda za a yi wa aiki wata ce."

Maigidana ya ce, "To a buɗe sabon fayil da Walida mana."

"Aikin tiyata ne, Alhaji, sai an haɗa da takardar haihuwa. Me aka rubuta a takardar haihuwar?"

Sunan yankan ne a kanta. Ya ce mu je ofishin inshora da ke Sabon Gari a gyara sunan, daga can ne kawai za a iya.

Na tambayi kuɗin aikin in mutum zai biya da kansa. Da aka faɗa, ban ga komai a idona ba sai firizata. Ita kaɗai ce a gidanmu za ta kawo wannan kuɗin a kwana biyu. Kuma in ta tafi, sana'ata ta tafi, don babu ɗalibin da zai sayi kunun aya mai ɗumi. Maigidana ya ce a'a, kekensa na ɗinki za a sayar. Na ce, "In ka sayar da keke da me za mu ci?" Ya ce, "In kin sayar da firiza da me za a biya makaranta?" Muka tsaya a barandar asibiti muna jayayya a kan wanda zai fi tsiyacewa, har wata nas ta leƙo ta ce mu rage murya. Duk da haka na sa aka kira wani mai sayar da ƙanƙara ya je gida ya ga firizar. Maman Dauda ce ta buɗe masa. Ta ba ni labari cewa ya ƙwanƙwasa gefen firizar, ya taɓe baki, ya taya ta kamar yana taya tsohon bokiti. Ta ce masa, "Kai, fita mana daga gida, ba gwanjo muke ba." Sannan ta kira ni ta ce, "Ki bar firizar nan inda take. Kin biya mutanen nan, sai sun yi aikinsu."

Sati na uku a titi na yi shi. Daga asibiti zuwa Sabon Gari, daga Sabon Gari zuwa Samaru, kuɗin hawa Keke mai ƙafa uku kaɗai ya cinye abin da na ware na sukari. Zuwan farko aka ce mai gyaran suna ya fita. Na biyu yana nan, amma babu netwok. Na uku ya ce in kawo takardar haihuwa, da wasiƙa daga makarantarta, da takardar rantsuwa daga kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne. Me ya hana a faɗa mini haka tun zuwan farko? Ko a rubuta a manna a bango? Babanta ya rufe shago ya je kotu ya yi rantsuwar, ya biya. Shugabar makarantarsu, Allah Ya saka mata, a tsaye ta rubuta wasiƙar. Babanta ya kwashi takardun ya kai, aka ce ba shi ne mai katin ba, ni ce na yi rajista, ni za a gani. Kuma a zo da yarinyar a sake ɗaukar hotonta.

Yarinyar da ke kwance da robar ƙarin ruwa a hannu! Na ce su zo asibiti su ɗauka mana. Aka ce na'urar ba ta fita daga ofis. Wadda aka yi rajistar da ita a gindin mangwaro fa? Aka ce waccan ta rajista ce, wannan ta gyara ce.

Likita bai so ba, amma ya ba mu awa biyu, aka cire robar aka naɗe hannun. Saura kwana ɗaya a yi aikin. Hajiya ta ce ƙafarta ƙafarmu. Muka sa Walida a tsakiya a cikin Keke, duk ramin da aka faɗa sai ta cije mayafina. Ina ta cewa mai Keken ya bi a hankali, yana cewa, "Hajiya, titin ne, ba ni ba ne."

A ofis ma'aikacin ya jera takardun, ya ɗauki hoton, ya ɗora yatsu a kan kwamfuta, ya ce, "To Malama, faɗi cikakken sunanta."

Na nuna takardar haihuwar. "Ga shi nan a rubuce."

"Na gani. Daga bakinki nake so in ji, ke ce mai kati. Da irin haka aka yi kuskuren farko, ba zan sake rubuta abin da za a dawo a ce ni na ƙirƙira ba."

Na kalli gefena. Ga Hajiya zaune, mai sunan, carbinta a hannu. Ga Walida ta jingina da kafaɗarta, leɓenta ya bushe. Wallahi na buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Na ce, "Sunan... sunan Hajiya ne."

Ya ce, "Wace Hajiyar? Garin nan cike yake da Hajiyoyi."

Sai Hajiya ta buga carbin a cinyarta. "Ke Zulai! Yarinya na murƙususu kina mani kunya? Kunyar me? Sunan nawa ne, ba aro na yi ba, na ba ki. Faɗa mashi mu tafi, ƙafata ta yi tsami!"

Na sunkuyar da kai na faɗa.

"Ban ji ba," in ji shi.

Na ɗago na faɗa da ƙarfi, da sunan babanta a haɗe, wanda shi ma ban taɓa kira ba. Wata mata da ke layi a bayanmu ta ce, "Sannu, 'yar'uwa," kamar wadda na sauke kaya. Hajiya ta ce, "To, sama ta faɗo?" Walida ido kawai ta zuba mini. Gyaran da na yi sati ina nema, bai kai tsawon shan kofin shayi ba aka gama shi.

Kod ɗin bai iso ba sai washegari da rana, bayan an riga an shiga da mutum biyu, ina tsaye a kan mutumin teburin kamar mai gadi. Da ya ce, "Ya shigo," sai na zauna a ƙasa a wurin. Aka shiga da ita. Ban san adadin abin da na karanta a bakin ƙofar nan ba.

Da likitan ya fito ya ce an yi nasara, amma abin ya riga ya fara tsiyaya, sai da suka wanke cikin. Maimakon 'yan kwanaki, sai da muka ƙara sati biyu, da roba a gefen cikinta tana zubar da ruwa. Ban ce zuwa Sabon Gari ne ya jawo ba, ban sani ba, Allah ne masani. Amma na san inda satin nan ya tafi: a kan benci, a gaban ƙofar mutumin da ya fita.

Kuma kada a ce ban gode ba. Inshora ta biya aikin, ta biya gado, firizata tana nan, kekensa yana nan. Wasu magungunan dai an ce babu su a kantin asibiti, a waje muka saya, kuma masu tsadar ne kullum babu. Akwai nas ɗin da ke yi wa Walida kitso in ta sami sarari. Akwai wadda in ka tambaye ta abu sai ka ce bashinta ka ci. Hajiya ta kwana da mu a tabarma duk da ciwon ƙafarta, tana ta yi wa masu jinyar gadon kusa bayanin cewa da an ba yarinya jiƙonta tun farko da ba a kai ga wuƙa ba.

Sana'a kuwa ta sha kashi. Maman Dauda ta ce ba za ta bari kwastomomina su watse ba, ta karɓi tukunyar zoɓo. Allah Ya saka mata da alheri, amma hannunta na da nauyi a citta. Wani ɗalibi ya kira ni a waya ina asibiti, ya yi mini ya mai jiki, sannan ya ce, "Mama, don Allah yaushe za ki dawo? Zoɓon nan yana yaƙi da mu." Shaguna biyu sun koma karɓa a wurin wata a Palladan, ɗaya ya dawo, ɗaya har yau. Mai albashi in ya yi jinya albashinsa na jiransa. Mu kuwa babu katin da ke biyan ranakun da tukunya ba ta hau wuta ba, wannan sai dai mutum ya ɗan ajiye wani abu a gefe, in ya samu.

Don haka 'yan'uwana mata, ku yi inshorar, ban hana ba, ni ma na sabunta tawa. Amma ranar rajista ku tafi da takardar haihuwar kowane yaro. In bakinku ba zai iya ba, ku miƙa takardar, ku sa yatsa a kan sunan, ku tsaya har ku ga abin da aka danna. Duk mai Abba da Ummi da Walid da Walida da Baffa a gida, ta je ta ɗauko katin yanzu ta duba. A layinmu kaɗai, da Maman Dauda ta bi gida gida, sai da aka sami katuna da yawa masu irin matsalar nan, har da na wadda ta fi kowa yi mini dariya. Su kuma masu zuwa rajista, a garin nan aka haife su, sun san ba ma kiran sunan 'ya'yan fari. Tambaya ɗaya ce: na yanka ne ko na gida? Me zai ci musu?

Mun dawo gida, ta fara takawa tana dafa bango. Wata safiya ina ɗura kunun aya a gora, tana zaune a kujera 'yar tsugune tana miƙo mini murafe, don na hana ta ɗaga komai, balle murfin firiza. Ƙannenta sun tafi makaranta, gidan shiru. Na ce, "Walida, miƙo wancan."

Ba ta miƙo ba. Ta juya murfin a hannunta, ta leƙa ƙofa, ta dawo da idonta kaina.

"Umma, ranar nan a ofis, ciwo nake ji sosai, ban ji da kyau ba." Ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa tawa, ta rage murya. "Hajiya ba ta nan, Abba ma ba ya nan. Ki sake faɗa, sau ɗaya kawai. Ba zan gaya wa kowa ba."